Alkamar da Manzo Ya Bari da Ƙishi

Yayana Manzo mutum ne da ba ya iya ganin aikin wani a tsaye ya wuce. In ka ce mini ai wannan hali ne mai kyau, sai in ce maka ba ka zauna gida ɗaya da shi ba. Ni Indo, ƙanwarsa, ni na san abin da na sha. Mutum zai fita da safe da sunan zuwa gonarsa, azahar na yi sai ka ji labarin yana can yana ɗora wa wani jinka, tasa gonar kuwa ciyawa har gwiwa. A garinmu, nan kwarin Tarka kusa da Belbeji, in za a yi gayya shi ke kira. Murya gare shi, Allah ya yafe mini, kamar ta jaki. Da ya tsaya bakin rijiya ya ce, "Gobe gonar wane!" to an gama. Gobe za ka ga samari da hauyoyi da makaɗi, mu mata kuma a bar mu da dakan fura.

Ƴarsa Rahamatu sunan innarmu gare ta, shi ya sa bai taɓa kiranta da komai ba sai Uwata. Ni ma don ku gane ne nake faɗin sunan. Shekarar da aka zo ɗaukar yara lakwal, wato makarantar boko, mutane suna ɓoye nasu a rumbu, shi ya kamo hannunta ya kai ta da kansa. Ba wai ya san amfanin karatun ba ne, ko kusa. Mushen da aka aiko, wato malamin makarantar, shi ne ya gani zaune shi kaɗai cikin rumfa ba yara, tausayi ya kama shi, ya ce a taimaka wa bawan Allah. Haka yarinya ta shiga karatu, da sunan taimako.

Ashe kai gare ta. Ta gama nan, ta wuce Damagaram. Tana can aka yi farin saba'in da uku. Shanun Manzo suka mutu ɗaya bayan ɗaya, yana jan gawarsu bayan gari da igiya. Gero ya tsiro ya kai tsawon hannu, ya tsaya, ya ƙone yana kallo. Na ga yayana yana ɗiban ruwa da tulu yana kai wa gona, gona guda fa, kamar wanda ya taɓu. Tun daga wannan shekara in ya ga shuka ta yanƙwane sai ya ruga neman ruwa. Dangi suka ce a dawo da yarinya ta kama aikin gida, ya ce can ana ba ta abinci ana ba ta karatu, nan me zai ba ta? Ta zauna. Daga Damagaram sai jami'a a Yamai, karatun noma. Ni kam na yi dariya har da hawaye. Na ce a tafi har Yamai don a koyi noma? Yo mu me muke yi tun da aka haife mu?

Bayan farin tamanin da huɗu, lokacin da kowa ya koma noman rani, sai ga ta ta dawo cikin motar malaminta, wani dogo mai sanyin magana, Mushe Barnaba. Ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta gama karatun farko, yanzu babban diplom take nema, irin wanda ba a samu sai ka binciko abin da ba a sani ba. Nata binciken a kan alkama ne. Ta zo da iri kala-kala cikin ƴan gwangwanaye, tana son ta gano wanne ne zai jure zafinmu da ƙarancin ruwanmu. In ta gano, an ba ta diplom, mu kuma mun sami abin shukawa da rani. In ba ta gano ba, shekarun da ta yi sun tafi a banza.

Manzo ya ba ta garkarsa ta bakin rijiya. Aka yanka ta fangali-fangali, ƙanana, kowanne da ɗan turke da allo mai lamba. Ta ce masa, "Baba, kowane fangali da nasa irin." Ya ce, "To, Uwata." Na san wannan "to" ɗin. Kunnensa ya ji, amma a wurinsa alkama alkama ce.

Alkama ta yi kyau. Wallahi ban taɓa ganin kore irin wannan da rani ba, har Buzaye masu wucewa da raƙuma suna tsayawa kallo. Da ta fara nuna, Rahamatu ta tafi Damagaram ɗauko sikeli da buhuna, ta ce jibi za ta dawo. Jibi ta zo ba ta dawo ba, kamyon da ta hau ya lalace a hanya. Mu ba mu sani ba. Abin da muka sani shi ne jan-baki sun sauka. Wanda ya san tsuntsun nan ya san ba ya barin komai sai kara. Manzo ya yi kora da gwangwani, ya yi da majajjawa, ya yi da ihu. Da la'asar na gan shi ya nufi bakin rijiya, na ce, "Yaya, ka jira mai abu." Ya ce, "In jira tsuntsu ya cinye wahalar Uwata?" Ya buɗe wannan murya tasa: "Gobe garkar Manzo!"

Gari ya fito kaf. Kafin rana ta take an yanke alkama tas, an tuge turakun nan masu allo don suna tare hanya, an tara su gefe da kyau. Aka kai dammuna masussuka, aka zube wuri ɗaya kamar yadda muke yi da gero tun kakanni. Mata suka sussuke, suka sheƙe. Tsibi guda, jajawur, yana ƙyalli. Manzo ya sa rigarsa ta Juma'a ya zauna kusa da shi yana jiran ƴarsa, baki har kunne.

Ta iso da sikeli a ka. Ta dubi garka, ta dubi tsibi, ta dubi allunan da aka jingine. Ta sauke sikelin a hankali ta ce, "Baba, wanne ne wanne?"

Ya ce, "Duk ga shi nan, Uwata. Ko ƙwaya tsuntsu bai ƙara ci ba."

Ta durƙusa ta ɗebi alkamar a tafin hannu tana kallo. Sai ta ce, "Kowane fangali daban zan yanke, in auna shi daban. Ta haka zan san wanda ya fi. Yanzu na san me?" Ba ta ɗaga murya ba, ƴa ce mai kunya. Da ma ta yi ihu da ya fi mana sauƙi. Hawaye kawai ke zuba kan alkamar. Mutanen da suka taru jiran godiya suka sulale ɗaya-ɗaya. Na dubi yayana, na ga murmushin bai gama barin fuskarsa ba, amma idanun sun mutu. Raina ya ɓaci da shi, ya kuma ɓaci dominsa, ban san wanda ya fi ba.

Alkamar dai ba a zubar ba, wa zai zubar da abinci a wannan shekara? Aka raba gida-gida. Na yi funkaso na kai mata, ta ce ta ƙoshi. Shi ma bai ci ba. Kwana da kwanaki gidan nan shiru, uba da ƴa suna gaisawa kamar baƙi. Aka zo kiransa gayyar gyaran rijiya ya ce a sa wani ya yi kiran.

Mushe Barnaba ya zo ya ji abin da ya faru. Ya daɗe yana shafa haɓa. Ya tambaye ta ko akwai sauran iri, ta ce akwai kaɗan a gindin kowane gwangwani. Ya ce zai roƙa mata rani ɗaya a jami'a, ɗaya tak, kuma ba za a sake ba ta leburorin ban ruwa kamar bara ba. In wannan ya lalace, an rufe maganar. Da ya tafi, Manzo ya je inda take zaune bakin ɗaki. Dattijo da furfura, ya tsuguna gaban ƴar cikinsa. Ya ce, "Uwata, wancan karon kin faɗa ban ji ba. Sake faɗa mini, a hankali, kamar yadda mushe ya koya miki."

Ta faɗa masa. Har da abin da bai sani ba wancan karon, don leburori ke ban ruwa: rabin fangalin da gangan ake rage musu ruwa. Dole a bar su da ƙishi a ga wanda zai rayu. Ya ce, "Ga rijiya cike?" Ta ce, "Ga rijiya cike, Baba." Ya ce to. Wannan "to" ɗin ba irin na farko ba ne.

Da sanyi ya shigo aka sake shuka. Tunda mu ba karatu muka yi ba, ta ɗaura jan ƙyalle a turken duk fangalin da za a bari da ƙishi. Manzo ya bi gida-gida yana roƙon masu jan guga, kuma mutane suka zo, don kunyar bara ba shi kaɗai ta kama ba. Amma fa ya zama wani mutum daban. Shi da ke cewa kowa ya shigo, yanzu yana tsaye bakin garka da sanda. Kar a taɓa turke. Kar ruwan wannan ya malala cikin wancan. Akuyata ta leƙa kawai, ya biyo ta har tsakar gidana. Na ce, "Yaya, jandarma ka koma?" Ko dariya bai yi ba.

Sai zafi ya faɗo da wuri. Masu jan ƙyalle suka fara naɗe ganye, suka yi fari-fari, kusa da su kuma ƴan'uwansu kore shar. Ran nan Rahamatu ta tafi Belbeji, na kawo masa fura da hantsi, na tarar da shi ya jawo guga cike yana tsaye kan wani mai jan ƙyalle. Ruwa na ɗiga kan ƙafarsa. Maƙwabcinmu Attahir yana gefe yana zuga shi: "Haba Manzo, ɗan yayyafi kawai. Alhakin shuka fa! Wa zai sani?"

Na tsaya da ƙwarya a hannu. Na san ba alkama yayana yake gani ba, geron saba'in da uku yake gani. Can ya ce, "In na ba ta ruwa, ƙarya za ta yi wa Uwata. Uwata ta kai ƙaryar Yamai, a dawo mana da ita a ce mu shuka." Ya juya ya juye gugan cikin kwamin jakai. Ya zauna ƙasa ya ba garkar baya, ya rufe fuska da hannun riga. Na ajiye masa furar na koma gefe, ni ma ina share hawaye.

Ran yanka Mushe Barnaba ya zo. Fangali ɗaya, lauje ɗaya, buhu ɗaya, allonsa a ɗaure a baki. Kowane buhu mace ɗaya ta sussuke shi a turminta, a share turmin kafin a zuba wani. Aikin da muka yi bara kafin azahar ya cinye mana kwanaki, na yi mita har na gaji. Yawancin masu jan ƙyalle abin tausayi suka bayar, ƙwaya a tsumure. Amma akwai wani iri gajere, wanda tun farko muka raina don bai kai gwiwa ba. Duk inda aka shuka shi cikin ƙishi, buhunsa ya fi na sauran nauyi. Rahamatu ta ɗora a sikeli, ta sauke, ta sake ɗorawa. Mushe Barnaba ya leƙa, ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Malama, aiki ya yi."

Diplom ɗin ta karɓo shi a Yamai bayan damina. Gajeren irin nan kuwa shi muke shukawa a garkunanmu da rani. Amma ni ba wannan nake tunawa ba in na tuna yayana. Ranar awon nake tunawa. Ta ware buhunan iri gefe, ta je inda yake tsaye da sandarsa, ta karɓe ta daga hannunsa. Ta ce, "Baba, na gama awo. Sauran duk a haɗa wuri ɗaya. Kira mutanenka, Gwaggo ta yi mana funkaso, yunwa nake ji."

Ya taka zuwa bakin rijiya, gari duk ana kallonsa. Ya cika ƙirji, ya buɗe baki. Muryar da ake ji har bayan tudu ta ƙi fita. Ya sake gwadawa, sai kuka. Na ce, "Kai, matsa ka ba ni wuri, tsoho da kai!" Na hau kan kututturen rijiya na yi masa kiran da kaina. Rahamatu ta riƙe masa hannu har mutane suka taru.