Ranar Da Na Kira Sunan Ɗan Farina A Bakin Teku

Ko zan manta komai na zamanmu a Kuala Lumpur, ranar da muka je bakin teku ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin muna zaune a unguwar Danau Kota, maigidana yana karatun digiri na uku. Ni iyakata firamare da Islamiyya, Turancina bai wuce na cefane ba. Ɗanmu ɗaya, shekararsa huɗu. Ɗan fari ne, ga shi sunan surukina ya ci, kunya biyu ke nan. Ban taɓa kama sunansa ba. "Kai" nake ce masa, in kuwa zancensa nake yi, "yaron nan". Haka na taso na ga innata tana yi wa yayanmu.

Ga ni da fargaba. Kullum kafin ya tafi makaranta sai na ja masa kunne: "Ko wa ya kira ka, kada ka je sai ka ji muryata."

A wani hutu matan ɗalibai suka haɗa yawon yini zuwa Port Dickson, aka ɗauki bas. Maigidan ya ce karatu ya sha masa kai, amma mu je mu ga duniya. Ya damƙa mu a hannun maƙwabciyarmu, wata Bazazzagiya da muke kira Anti, mai kaifin baki da farar zuciya.

Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Tiga, sai ga ruwan da ba a hango tsallakensa. Matan Malay na shiga da hijabansu, yara na gini da yashi, can gefe an kife jiragen masunta. Na riƙe hannun yaron gam.

"Ke, sake shi ya sha iska," in ji Anti. "Ragon layya ne?"

Na sake shi. Sunkuyawar da na yi in zuba masa dafa-duka, ina ɗagowa babu shi. Sai takalmansa a kan yashi, suna kallon ruwa.

Na zabura ina gudu ina "Kai! Kai!" iska na kwashe muryar. Wata tsohuwa mai sayar da kwakwa ta kamo hannuna, ta kai ni wurin mai gadin bakin ruwa, mai lasifika a kafaɗa. Ya tambayi sunan yaron. Wallahi ina cikin wannan tashin hankali, amma bakina ya yi nauyi. Anti ce ta faɗa masa.

Ya yi ta shela, ya yi ta maimaitawa. Shiru. Sai na ga maza sun fara tuɓe riguna suna nufar ruwa. A nan huɗubata ta kullum ta faɗo mini. In dai yana da rai, ba zai amsa wa baƙo ba.

Na karɓi lasifikar. "Kai, fito, ni ce!"

"Kai nawa ne a bakin tekun nan?" Anti ta daka mini tsawa. "Yarinya, surukin naki yana Kano, ba zai ji ki ba. In ma ya ji, ki ce ni na sa ki. Kira ɗanki!"

Na runtse ido na kira. Sunan ya fito baƙo a bakina, kamar na ari kayan wani. Na sake kira, wannan karon da kuka, har na daina jin ƙarar teku.

Tsohuwar nan ce ta fara ganinsa, ta taɓa kafaɗata. Ga shi yana rarrafowa daga ƙarƙashin wani kifaffen jirgi, jikinsa duk yashi. Ashe ƙaguwa ya bi har ya ɓace mana a cikin mutane, da ya ji namiji na kiransa sai ya ƙara lafewa.

Na durƙusa na rungume shi a gaban jama'a, abin da ban taɓa yi ba. Ya ɗago ya dube ni, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Umma, ashe kin san sunana?"

Anti ta fashe da dariya tana share ido da gefen mayafi. Ni kuwa wannan tambaya ta fi ɓatansa yi mini ciwo. A gida, kakanni da gwaggonni ke cike wa ɗan fari gurbin da kunyar uwa ta bari. Shi a can ba shi da kowa sai mu.

Ban yar da kunya ba, a gaban surukaina har gobe "yaron nan" ne. Amma ranar na gane cewa abin da uwa ta ɓoye don kara, yaro yana iya ɗauka babu shi. Tun daga nan, kowace safiya da sunansa nake tashinsa.