Ranar da Motata Ta Daina Sallama

Ko tsufa ya sa na fara manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na canja wa motar da Baba ya bar mana salansa. Tsohuwar mota ce, ta ma girme ni, ƙarfenta kamar na garma. Salansarta ta daɗe da fashewa, idan na taso daga Bakori, tun ina kwanar garinmu ake jin ta.

Ni kuwa mutum ne mai saka abu a rai. Kullum ina tunanin haƙƙin maƙwabta: jaririn wa na tayar, wa na ɓata wa salla? Har liman na tambaya. Ya yi dariya ya ce, "Malam, gyara ta ka huta, mu ma mu huta."

Na sayo sabuwar salansa a Funtua. Ban yarda da bakanike ba, gani nake zai bar noti ɗaya a kwance. Ban kuma gaya wa kowa ba, kada ta ƙi ɗauruwa a yi mini dariya. Ranar da Inna, mahaifiyarmu, ta tafi suna Tsiga da kwana, na ɗaga motar da jak a bayan gida, wajen rumbuna. Na tokare tayoyin da duwatsu, na ƙara da turmi, don jak ɗin ma ban yarda da shi ba. Notunan sun yi tsatsa, sai da na jiƙa su da kananzir. Sifana ta gurje mini yatsa, amma kafin azahar salansa ta ɗauru. Da na tayar, har tsoro na ji, kamar ba ta tashi ba.

Washegari na kai masara kasuwar Bakori, na dawo bayan la'asar. Wayata tana wurin mai caji tun safe. Na ajiye motar a bayan gida, amma wani ɗan ƙwas-ƙwas da na ji a hanya ya hana ni sukuni. Maimakon in shiga gida, sai na shimfiɗa buhu na shige ƙarƙashi ina bin notunan. Na gama, na sake. Daga nan na koma kan waɗanda ba ruwansu da salansa.

Ashe Inna ta dawo. Idonta ya yi rauni, da kunne take jirana, kuma hanya ba lafiya gare ta ba. Rana ta yi ja, ba ta ji mota ba, waya ba ta shiga. Ta tayar da gidan kaf, ta ce Yaya, babban wana, ya bi hanya ya nemo ni. Ya zagayo bayan gida ɗaukar babur ɗinsa, sai ga mota, ga ƙafafuna a waje. Ya yi salati ya fizgo ni.

"Kai! Da ranka?"

"Noti nake dubawa, Yaya."

"Na kanka ya kamata ka duba! Inna na can tana kuka."

Na shiga da baƙin mai har goshi. Ta shafa fuskata ta ce, "Ina motar?"

"Tana baya, Inna. Na gyara ta."

"Gyara? Ka dai toshe mata baki. Ita ce mai hankalin da ke gaya mini ka dawo."

Kowa ya kwashe da dariya, ban da ni. Shekara da shekaru ashe mota ce ke yi mini sallama. Abin da na koya ke nan: ina ta damuwa da ƙarfe, na manta akwai mai damuwa da ni. Har yau nakan shiga ƙarƙashin motar in duba notunan, amma sai na fara leƙawa ɗakin Inna na ce, "Na dawo."