Kawu Salmanu da Yashin Gaya

Kawu Salmanu ba ya iya zama wuri ɗaya, wallahi har haushi yake ba ni. Ran da ya fara aiki a wurin gyaran jiragen ruwa a Lyon, yashi ya ɗebo ya dirje wani farin jirgin fiba, yadda suke wanke kwalekwale a Gaya. Fatar jirgin mai sheƙi ta kakkarce. Patron, wato maigidan wurin, bai kore shi ba, man gogewa ya miƙa masa. Shekara goma ke nan yana cike tsaga yana shafa kaki.

Ran Lahadi ya zo gidanmu a Sevran. Ina zuba abinci, sai na tarar da shi durƙushe a banɗaki, yana shafa bahon wankanmu da yatsa.

"Hamdiya, da me kike wanke wannan?"

Na ɓoye soson ƙarfen a bayana.