Ƙashin Cinyar Kakan Ayu

A gidan adana kayan tarihi, can ɗakin ƙasa inda ba taga, akwai wani dattijo da kowa ke kira Mai Allura. Aikinsa kankare dutse daga jikin tsofaffin ƙasusuwa, da allura da buroshi, ido a kan gilashin ƙara girma. Shekara ashirin da shida yana fama da ƙwarangwal ɗin kakan ayu, dabbar da masana suka ce ta yi tafiya da ƙafa huɗu kafin jikokinta su tare a ruwa. Haƙarƙarinta kauri gare shi, ba ɓargo, nauyinsa ke riƙe ta a ƙasan ruwa. Matarsa kan ce ya san haƙarƙarin nan fiye da fuskokin 'ya'yansa.

Akwai abin da ba ta sani ba. A shekararsa ta biyu atishawa ta ƙwace masa yana tsakar aiki, ƙashin cinyar dabbar ya faɗi, rabi ya zama gari. Ƙashin nan ne kuwa shaidar cewa tana da ƙafafu. Tsoro ya sa ya kwaɓa filasta ya cike, ya bi da fenti. Farfesan gidan ya zo ya auna, ya gyaɗa kai, ya je ya rubuta littafi sukutum.

Tun ranar bawan Allah ya ɗaure kansa. Duk wanda ya gaje shi zai goge ƙashin, fenti ya tashi, asiri ya tonu. Don haka hutunsa bai taɓa wuce kwana uku ba. Aka yi masa ƙarin girma zuwa bene, ya ce gwiwarsa ba ta shiri da matakala. Ƙanensa ya yi ta roƙonsa su buɗe shagon gyaran agogo, burin ƙanen tun yana yaro, shi kuwa ya ce sai baɗi. Baɗi ta yi ta zuwa tana wucewa har ƙanen ya rasu. Ya tsani ɗakin nan, ya tsani ƙashin, amma kullum shi ke fara isowa.

Bayan Farfesa ya kwanta dama aka kawo wata Dakta a madadinsa. Ta ce za a ɗauki hoton cikin ƙasusuwan da na'ura irin ta asibiti. Mai Allura ya je ya same ta.

"Ranki ya daɗe," ya ce, "gara ki ji daga bakina. Rabin cinyar nan filasta ce. Ni na fasa."

"Haba Baba, ai kowa ya sani!"

Ta ɗauko littafin Farfesa daga kan kantar Mai Allura, littafin da kunya ta hana shi buɗewa shekara da shekaru. Ta nuna masa layi biyu a ƙasan wani shafi: rabin ƙashin ya karye wajen aiki, ma'aikacinmu ya cike shi da gwaninta.

Ya karanta sau biyu, ya nemi kujera ya zauna.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yata," ya ce. "Ƙanena na tuna."