Makullin Zauren Bahago

Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, Mai abu ya karɓi abinsa. Ɗana na biyu, wanda ɗalibansa suke kira Bahago, ya rasu a asibiti bayan jinyar mako uku ta ciwon ƙoda, yana da shekara talatin da shida. Ya bar mata da 'ya'ya biyu, ya bar ni da mahaifiyarsa. Ya kuma bar wani zaure a bayan layin makanikai, inda ya shafe shekara goma sha ɗaya yana koyar da damben zamani.

Ɗana, makullin zauren nan yana kan teburina. Baffanka ya tsaya kai da fata cewa naushi ne ya lalata maka ƙoda, don haka a rufe wurin. Likita ya shaida mini ciwon ba shi da alaƙa da dambe, amma baffanka ya san ni ne na fi kowa ƙin sana'arka, shi ya sa yake jiran in goya masa baya. Na ce ya ba ni kwana bakwai. Yau suka cika.

Zan fara da laifina. Kana ɗan shekara biyar na lura da hagu kake riƙe fensir, na sa rula na yi ta bugun bayan hannunka har ka koyi rubutu da dama. Na ɗauka gyara na yi. Da ka ajiye karatun jami'a a shekara ta uku ka kama dambe, na yi wata shida ba na amsa gaisuwarka sai dai in gyaɗa kai. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina koyar da lissafi, ban ga abin da ake koyarwa a dukan mutum ba.

Sau ɗaya tak na taka zaurenka, shekara huɗu da suka wuce, kuma ba kallo ya kai ni ba. Takardar ɗaukar aiki ce a aljihuna, wadda wani tsohon ɗalibina ya samo maka a ofishinsu. Na tarar da buhunan yashi uku a rataye, da dogon madubi mai tsaga a gefe, da warin gumi da fata. Ka goge mini benci da tawul ka ce, "Baba, a yi mini haƙurin minti goma."

Wani mai walda kake fama da shi, ƙato, wanda ya girme ka. Duk sa'ad da zai kai naushi sai ya fara janye gwiwar hannunsa baya. Ka ce masa, "Yaya, kai kam mutumin kirki ne. Sai ka aiko da wasiƙa kafin ka zo." Aka yi dariya, har da shi. Ba ka yi masa tsawa ba. Ka ja shi ka jingina bayansa da bango, ka ce ya kai naushin daga nan. Ya janye hannu, gwiwarsa ta daki bango. Ya sake, ta sake daka. A karo na bakwai ko na takwas hannun ya fita a miƙe, ba tare da sanarwa ba. Ka ce, "Ka gani? Bangon ya fi ni iya bayani."

Daga nan ka ɗora darasi. Ka ce hannun gaba sallama ne, na baya shi ne baƙon, kuma baƙon kirki ba ya faɗa wa gida babu sallama. Ka nuna masa yadda zai taɓa cikin abokin karawa sau biyu a jere, a hankali, har mutumin ya saba da sauke hannu don ya kare haƙarƙarinsa. A na uku sai a nuna kamar can za a koma, a wuce sama, inda ƙofa ta riga ta buɗe. Ina zaune na gane abin da nake kallo: hujja ce ake ginawa mataki bayan mataki, irin wadda nake rubutawa a allo, sai dai da jiki. Minti goman nan ya zama awa guda. Da ka tambaye ni ko lafiya, na ce wucewa nake yi. Na koma gida da takardar a aljihuna.

Sauran labarinka a zaman makoki na ji shi. Wani tela ya ba ni labarin ranar da ka jefa tawul ka tsayar da wasansa, alhali shi ke kan gaba da maki, saboda idonsa na hagu ya kumbura. Ya ce ya yi ta zage-zage, kai kuwa kana kwance masa safar hannu kana cewa, "Zagi dai, maigida. Da wannan idon kake zura zare a allura." Wani direba ya ce wata biyu ka hana shi kai naushi ko ɗaya, sai riƙe hankici tsakanin haɓa da kafaɗa yana zagaya zaure, don ya daina ɗaga kai. Duk wanda ya zo maka yana bahago, a bahagonsa kake barin sa. Sun ce kana yawan faɗa musu cewa aikin mai horarwa na farko shi ne ya bambance aibi da halitta, ya gyara na farkon, ya ƙyale na biyun. Ba ka taɓa faɗa musu inda ka koyi wannan ba. Ni na sani.

Matarka ta ce a asibiti, hannunka da ƙarin ruwa, ka kama ma'aikacin jinya kana gyara masa tsayuwa, wai yana haɗe ƙafafu, ko iska sai ta ka da shi.

Ga amsata ga ɗan'uwana, baffanka, a rubuce, domin kada a ce an ji ba daidai ba. Yaya, ka yi haƙuri. Na ƙi wannan sana'a ne ban san ta ba. Wanda na gani a zauren nan malami ne, kuma abin da ya fi koyarwa shi ne yadda mutum zai koma wurin iyalinsa da fuskarsa lafiya. Ba zan rufe makarantar malamin da ya fi ni ba. Gobe da safe zan kai makullin da kaina in damƙa wa manyan ɗalibansa, in tsaya har a buɗe.

Ɗana, na makara da wannan magana, kuma ba zan nemi uzuri ba. Na yafe maka duniya da lahira. Ina fata kai ma ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya yi maka rahamar da ta fi tausayin da ka nuna wa mutane, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, wadda ta fahimce ka tun ban fahimta ba; ga matarka da 'ya'yanka, Allah Ya raya su Ya zama gatansu; ga 'yan'uwanka, da ɗalibanka da suka ɗauki gawarka a kafaɗunsu. Mu da muka rage, Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata ƙarshenmu. Amin.