Ranar da na mayar da ƙanena mai aljanu a kwalba

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai kwashe ranar da bakina ya kusa rusa auren ƙanena.

Shi ƙanen nawa a ƙasar waje yake aiki. Su ne masu ƙera injin da ke sanyaya niyutiron, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin kowane abu, har su rage gudu a iya tsare su a auna. Sau uku ya yi mini bayani a waya, ina ta "to, to", hankalina na kan tukunya.

Da ya nemi wata yarinya a Yendi, kawunta da gwaggonta suka zo Salaga binciken asali da sana'a, kamar yadda aka saba. Maigidana ya tafi Kpandai sarin doya, ni na tarbe su. Na zuba musu tuwo, kawun ya ce, "'Yata, yaron nan me yake yi ne a can?"

Maimakon in ce ban gane ba, sai na gyara mayafi, ni mai sakandare. Na ce, "Baba, wasu abubuwa yake kamawa da ido ba ya gani. Ya sanyaya su har su yi laushi, ya rufe a kwalba."

Gwaggon ta ajiye lomarta. "A kwalba?"

"Har murfi," in ji ni, ina murmushi.

Ko ruwa ba su ƙara sha ba. Washegari saƙo ya iso: ba za su ba mai ajiye aljanu 'yarsu ba. Na yi kuka har idona ya kumbura.

Ƙanena ya ce, "Yaya, kin kashe ni!" Ya sa na hau mota zuwa Yendi, ya yi mana kiran bidiyo daga wurin aiki don su gani da idonsu. Ashe ƙara ɓatawa za mu yi. Ga shi da safar hannu har gwiwar hannu, farin tururi na tashi daga wata ƙatuwar randar ƙarfe a bayansa. Gwaggon ta fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi.

Kawun dai ya daure. "Suna maka magana?"

"A'a, Baba."

"Suna neman kaza?"

"Wutar lantarki kawai injin ke ci. Bayan kamar kwatan awa ma sai su fara watsewa, mu sake daga farko. Muna auna su ne mu fahimci yadda Allah ya tsara halitta."

"Kullum?"

"Shekara shida ke nan."

Tsohon ya girgiza kai. "Wannan ba boka ba ne, wahalalle ne. A ba shi mata ta riƙa tausaya masa."

Aka ɗaura aure bayan Sallah. Ni kuwa tun ranar na gane cewa "ban sani ba" ba ta rage wa mutum daraja, kuma duk wanda ya tambaye ni aikin wani, lambar wayar mai aikin nake ba shi.