Danshin Ranar Lahadi

Ni na kai ayaba fadamarmu, kuma daga littafi na ɗauko ta. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gaya, ba a daɗe da canja mana fam zuwa naira ba. Wani malamin gona ya ba ni 'yar ƙasida, na karance ta tas har da jan layi, na kuwa yanke hukuncin cewa rashin karatu ne kaɗai ya hana mutanen wajenmu, Gafasa, cin ayabar gonarsu tun kaka da kakanni.

Fadamar gadonmu ce ni da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Rijiya ɗaya ce a cikinta, da jigo a kai. A gaban mahaifiyarmu muka yi magana: yamma tasa ce, ya zuba albasa, gabas tawa, in dasa ayaba. Taki da igiya da guga a wuyana, ban-ruwa a wuyansa, tunda ni sai Lahadi nake samun hawa keke in zo. Ya ce, "Malam, kai dai kawo ilimi, mu mu kawo ƙarfi." Tun da na fito daga kwaleji yake ce mini Malam, har yau ban gane girmamawa ce ko ba'a ba.

Ayabar ta kama, ta yi ganye fato-fato, har masu wucewa suna tsayawa kallo. Sai ga shekarar fari. Gero bai yi ba, rijiya ta ja baya, aka ƙara wa jigo igiya. Duk da haka kowace Lahadi na iso sai in tarar da gindin kowace ayaba jiƙe, ƙasa ta yi baƙi, tana ƙanshi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ganyen yana rawaya yana langaɓewa. Na koma ga ƙasidata. Ta ce ruwa in ya yi wa ayaba yawa saiwa na ruɓewa, ganye ya yi rawaya.

Na tsaya a bakin rijiya kamar ina gaban allo, na yi wa yayana bayani dalla-dalla, na ce, "Yaya, ruwan ya yi yawa. A rage."

Ya dube ni, ya dubi ayaba. "To, Malam. Yadda littafi ya ce."

Bayan mako uku, ayaba guda ta faɗi. Na ɗauki fartanya don in ga ruɓaɓɓiyar saiwar da idona, har ina shirin kai ta aji in nuna wa yara. Sara ɗaya na yi, ƙura ta tashi. Danshin bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ƙarƙashinsa ƙasa busasshiya ƙayau. Na bi hanyar ruwan da ta nufi gabas, na tarar an toshe bakinta da laka, lakar har ta tsage don daɗewa. Can yamma kuwa albasa ta yi kore shar.

Ashe kowace Lahadi, da yayana ya idar da sallar asuba, sai ya bi gindin ayabar da ƙwarya yana yayyafi kafin kekena ya iso.

Yana bakin rijiya, ga ƙwaryar ajiye a gefensa, ya ga na gani. Bai daina jan jigo ba.

"Rijiyar ba za ta ɗauki biyu ba," in ji shi. "Albasa wata huɗu ce. Taka sai ta shekara ana yi mata bauta. Me za a ci a gidan, ganye?"

"Da ka faɗa mini, Yaya."

"Da na faɗa maka, da ka buɗe mini shafi."

"Ka tsaya ina ce maka a rage ruwa."

"Ai na rage."

Lissafinsa daidai ne, na kuwa san lissafi. Albasar nan ita ta riƙe gidan har damina. Da ya zo ya ce in bar masa rijiyar, da na yi gardama ta yini guda na bari. Ƙwaryar nan ce ta tsaya mini a wuya: mutum ya tashi da sanyin safiya, mako bayan mako, ya ɓarnatar da ruwan da ya ce babu, don kawai ƙaninsa ya ci gaba da zama wawa cikin natsuwa.

Na kai ƙara wurin mahaifiyarmu. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ni na ce masa kada ya ɓata maka rai." Ƙwaryar ma tata ce, na san ta da ɗinkin da ke bakinta.

Na haƙo 'yar ayaba guda da ta rage da rai, na ɗaure a bayan keke, na dasa ta a Gaya inda ruwan wanke-wanke ke kwarara. Da ta yi nono na aika musu rabi. Shi ma ya aiko da buhun albasa, aka yi miya, na ci. Zumunci bai yanke ba. Sai dai na bar masa gabas ɗin, kuma ko na je gida gaisuwa, ta bayan gari nake bi don kada in ratsa ta fadamar.